Me za mu kira "boot partition" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar darasi ta ɗaliban gyaran kwamfuta, ranar Litinin za a raba ta. Darasin a kan kwamfutar da aka sa wa Windows da Ubuntu a faifai ɗaya ne, ta ƙi tashi, sai baƙin allo da rubutun grub rescue, wato GRUB, shirin da ke ba ka zaɓin Windows ko Ubuntu wajen tashi, ya kasa aikinsa. Na maƙale a kan "boot partition". Ɓangaren takalmi dai na san ba zai yiwu ba, ko da yake boot na nufin takalmi ma a Turanci.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɓangaren tashi. A shago "ta ƙi tashi" ake cewa, ba wanda zai ruɗe.

Malama: Ai ba shi ke tashi ba, wani yake tayarwa. Tashi aikatau ne ƙi-karɓau. Ɓangaren tayarwa ya fi zama daidai.

Injiniya: Na yarda, Malama. Amma Malam, ka fara tantance wanne kake nufi, don Turancin ma a rikice yake. Microsoft na kiran ɓangaren da Windows kanta take zaune, wato C, da "boot partition", ɗan ƙaramin da fayilolin tayarwa ke ciki kuma ta kira shi "system partition". A Linux kuwa, wanda Ubuntu nau'insa ce, akwai /boot, inda ake ajiye ƙwayar manhajar. Wanda darasinka ke magana a kai na tabbata ESP ne, wato EFI System Partition, wannan ƙaramin mai fayilolin tayarwa: tsarin FAT32, Windows kan ba shi megabait 100, wani sa'in 260. A ciki akwai jakar EFI, Microsoft na da nata ɗaki da bootmgfw.efi, Ubuntu na da nata da shimx64.efi da grubx64.efi. Idan ka bi Turanci kalma da kalma, wani yaro zai je ya wanke C, wato ya goge duk abin da ke ciki.

Dattijo: Kun ji ko? Ƙaramin wuri a bakin gida, kowa sai ya ratsa ta cikinsa kafin ya isa sashensa. Wannan ai zaure ne. Me ya kai ku haɗa kalmomi biyu masu nauyi alhali kakanninmu sun bar mana guda? Zauren faifai. GRUB kuma maigadin zaure.

Ɗan Kurmi: Ranka ya daɗe, mu a Kano soro muke cewa.

Dattijo: To ga shi nan. Duk abin da ba a faɗa a Kano ba, ba Hausa ba ne ke nan? Zaure kowa ya san shi, daga Sakkwato har Damagaram.

Ɗan Kurmi: Ni ban ce haka ba. Kuma gaskiya ko soro ko zaure, babu mai gyaran da zai faɗa. Fatishan ake cewa. A rubuta fatishan ɗin but a huta.

Na Maraɗi: A huta a ina, ɗan'uwa? Nan wajenmu da Faransanci masu gyara suka koyi aikin, but ba ya nufin komi gare su. In kuka ari Turanci, ku kaɗai kuka rubuta wa.

Dattijo: Allah ya yi maka albarka. Aro ne ya sa yaranmu ke jin kunyar harshensu.

Malama: Baba, allo da mota duk aro ne, ba su kashe Hausa ba. Matsalar zaure daban ce: ana cewa zauren WhatsApp, ana cewa zauren majalisa. Ɗalibi zai ɗauka wurin hira ne.

Injiniya: Bari in gwada kalmar Malama cikin aikin, mu ji ko za ta ɗauka. Ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin Ubuntu, amma ta hanyar UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta. In ka shiga ta tsohuwar hanyar BIOS, grub-install ba zai ga bayanan EFI ba. Buga lsblk -f, ka nemo ɓangaren tayarwa, shi ne ƙaramin mai vfat. Kada ka yi saurin wanke shi, fara da fsck.vfat, sau da yawa ɗaukewar wuta ce ta ɓata teburin fayiloli kawai. In bai gyaru ba sai mkfs.fat -F32. To a nan ake faɗawa rami: wankewa na canza lambar UUID, wato lambar shaidar ɓangaren, tsohuwar kuma tana nan a /etc/fstab, fayil ɗin da Ubuntu ke dubawa ta gane ɓangarorinta. In ba ka sauya ta ba, Ubuntu za ta fara tashi ta tsaya a yanayin gaggawa.

Daga nan Windows ake fara gyarawa. Filas ɗin Windows, diskpart, list vol, select vol da lambarsa, assign letter=S, sannan bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Duba da kyau, a wannan yanayin ba lallai Windows ta kasance a C ba. Sai ka koma Ubuntu, ka ɗaura babban ɓangarenta a /mnt, na tayarwa a /mnt/boot/efi, ka ɗaura /dev da /proc da /sys da --rbind, chroot /mnt, grub-install, update-grub. An sa Windows a gaba ne don update-grub sai ya tarar da fayil ɗinta kafin ya sa ta a jeri. In duk da haka ba ta fito ba, tun GRUB 2.06 os-prober, mai nemo wa GRUB sauran manhajoji irin Windows, a kashe yake zuwa, sai ka sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub. In kuma kwamfutar na zarcewa Windows kai tsaye, efibootmgr -o ke gyara jerin. Mai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ya tanadi mabuɗinsa mai lamba 48 tun kafin a taɓa komai.

Dattijo: Sa zaure a duk inda ka ce ɓangaren tayarwa, ka ji yadda zai zauna daram. "Kada ka yi saurin wanke zaure."

Ɗan Kurmi: Sai a kawo tsintsiya da bokiti.

Na Maraɗi: Tsofaffin injuna masu MBR fa? Can babu irin wannan ɓangaren, bait 512 ne na farkon faifai, 446 daga ciki na tayarwa. Zauren ina?

Dattijo: Wannan dokin ƙofa ne.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan rubuta ɓangaren tayarwa, in biyo shi da ESP a karon farko don su gane shi a allo. Zan ari zauren Baba a layi ɗaya wajen bayani. GRUB kuwa na bar shi GRUB, ba mu samo wa aikinsa suna ba tukuna.

Dattijo: Layi ɗaya. To, Allah ya kyauta. Maigadin fa?

Malama: Maigadi hana shiga yake yi, Baba. Wannan rakiya yake yi.