Taimako don Allah: "thérapie ciblée" da Hausa

mai_shirin_lafiya: Salam jama'a. Ina da shiri a rediyo nan Garwa ranar 4 ga Fabrairu, ranar sankara ta duniya, likita ya ba ni takarda da Faransanci kan sankarar ƙashi. Akwai wani gwaji da aka yi a Faransa, REGOBONE, sakamakonsa ya fito 2019, an ba masu osteosarcome (wani nau'in sankarar ƙashi) da ta yaɗu a jiki magani mai suna regorafenib, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki don a kwatanta. Shi regorafenib ba kamar shimiyo ba ne, wato maganin sankara da ke kashe duk ƙwayar halitta mai saurin rabuwa har gashi ya zube, shi wasu sinadarai yake toshewa waɗanda ƙullutun ke buƙata ya girma ya samu jijiyoyin jini. Irin wannan magani ake ce wa "thérapie ciblée" da Faransanci, me zan kira shi da Hausa?

ɗan_Marwa: Magani mai saiti. Kowa ya san saitin bindiga.

malamin_Hausa: Saiti Turanci ne. Muna da bara, maharbi yana bara kafin ya saki kibiya. MAGANIN BARA.

ɗan_Marwa: Haba Malam, mai sauraro zai ɗauka maganin almajirai ne, ko wanda ya kwana shekara guda 😂

malamin_Hausa: Ku da Hausarku rabi Fillanci rabi Faransanci za ku gyara min? A tambayi Kano.

hajiya_Njamena: Kullum Kano! Mu ba uwa ce ta haife mu da Hausa ba? Ɗana, ni kalmar gwaji ta fi damuna. In ka ce gwajin magani a kan mutane, sai a tuna gwajin maganin Trovan a Kano 1996 lokacin sanƙarau. Ka bayyana cewa sai mara lafiya ya yarda ya sa hannu, kuma yana iya fita ran da ya ga dama. Ka kuma gyara bakinka, sankara daban sanƙarau daban.

malamin_Hausa: Bara dai na nan cikin ƙamus.

mai_shirin_lafiya: Na gode Hajiya, zan ce binciken magani da yardar mara lafiya. Ɗayan kuma magani mai auna sankara, auna ai Hausa ce, ko Malam?

malamin_Hausa: Hausa ce. Ba ta kai bara ba, amma je ka.

ɗan_Marwa: Ni dai saiti zan ci gaba da cewa.