Su wa ke riƙe da Defon Zariya ban da masu koyar da fareti?

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum. Kullum maganar faretin yaye kurata ake yi. Ina son sanin asalin Defon sojan Zariya, da kuma waɗanda ke ciyar da kuratan nan, su tufatar da su.

Baba Samanja: Wa alaikumus salam, ɗana. An kafa Defo a 1924 don horar da kuratan rundunar Turawan mulki ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897. A lokacin Hausa ce harshen bariki, da ita ake koya wa kurtu aiki ko daga ina ya fito. Sunan Chindit da barikin ke amsawa daga Yaƙin Duniya na Biyu ya samo asali, domin akwai sojojin Najeriya cikin dakarun da suka kutsa dajin Bama a 1944 da wannan suna. A 1954 aka buɗe sashen yara a Zariya, wanda ya zama makarantar sakandaren soja ta yau.

Malam Na-Sito: Baba ya kawo tarihi, amma nauyin yana wuyan kwatamasta, wato jami'in da ke kula da kayan sojoji da abincinsu. Kafin kurtu ya taka filin fareti sai an auna shi, an ba shi kaki, takalmi, bargo da kwanon ci, ya sa hannu a kan kowanne. A takalmi ake yawan samun matsala: in ya matse ko ya yi sako-sako, ƙafa na yin bororo tun makon farko, ta ruɓe in ba a kula ba, kurtu ya rasa kwanakin horon da ba sa dawowa. Sai kicin. A ce kurata 5,000 ne, ci uku a rana kwano 15,000 ke nan, kullum, har wata shida. Tukunya ta makara da rabin awa, jadawalin yinin duka ya goce, don darasi na bin darasi ne ba tazara. Bindiga kuwa da lambarta ake fitar da ita, da lambarta ake mayarwa, kuma ba mai barin filin harbi sai an ƙirga harsashi da kwansonsa sun yi daidai.

Hajiya Nas: Ranka ya daɗe, kada a manta da asibitin bariki. Maris da Afrilu sun fi haɗari: ga zafi, ga cunkoson ɗakin kwana, ga lokacin sanƙarau. Dole a yi rigakafi tun shigowa, a bar tagogi a buɗe, a raba gadaje. Tankar ruwa ta riga kurata isa filin atisaye, ba ta biyo bayansu ba. Wanda ya daina gumi, ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwara masa ruwa nan take kafin motar asibiti ta iso.