Muhawara: Tunda waya ta fi gwani iya dara, me ya rage a koya?

Alhaji Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Yarona ya dame ni in biya masa kuɗin koyon ces, darar Turawan nan, wai ran Asabar ake yi a makarantarsu. Na ce a'a. Shi da bakinsa ya gaya mini wayar hannuna za ta iya cinye zakaran duniya. To abin da na'ura ta riga ta fi ɗan Adam iyawa, koyonsa ɓata lokaci ne. Gara ya zo rumfa ya koyi cinikin albasa.

Mai Gyaran Waya Ikeja: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. A 1996 zakaran ces na lokacin, Garry Kasparov, ya ci kwamfutar IBM mai suna Deep Blue 4 da 2, da shekara ta zagayo, a 1997, ta rama. Yanzu kuwa manhajar ces ta Stockfish kyauta ake sauke ta, ko a tsohuwar wayar da nake sayarwa nan Computer Village tana aiki, kuma tsohon zakaran duniya Magnus Carlsen kansa ba ya ja da ita. Hukuncin da ka yanke ne dai ban yarda da shi ba.

Malama Idi-Araba: Alhaji, da girmanka, tambaya ɗaya. Wayarka na ɗauke da izu sittin, ba ta mantuwa, ba ta tuntuɓe. Ka cire yaran daga Islamiyya?

Alhaji Mile 12: Haba Malama! Wancan lada ake nema, ina shi ina wasa?

Malama Idi-Araba: Astagfirullah, ban haɗa su a daraja ba. Nufina abin da ke cikin waya na waya ne, abin da ke kan yaro shi ne nasa. A ajina duk suna da kalkuleta, amma wanda bai iya lissafi da ka ba a gabanka za a cuce shi a canji.

Ɗan Agege: Ku ba a nan gizo ke saƙa ba. Na'ura ba ta kashe wasan ba, amana ta kashe. A 2019 an ɗauki hoton wani babban gwani, Igors Rausis, zaune a banɗaki yana duba waya ana tsakiyar gasa a Faransa. Sai rigimar Satumbar 2022: Hans Niemann, yaro ɗan shekara 19, ya ci Carlsen a gasar Sinquefield a Amurka, Carlsen ya fice daga gasar baki ɗaya. Da suka sake haɗuwa ta intanet, tura ɗa guda kawai Carlsen ya yi ya miƙa wuya da gangan. Yaron ya amsa cewa ya taɓa satar amsa ta intanet yana ɗan 12 da kuma 16. Masu shafin ces na Chess.com suka ce wasannin da suke zargi sun haura 100. Amma a wasan da ya ci Carlsen gaba da gaba, ba a kama shi da komai ba. Niemann ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a 2023. Ka ga inda aka kwana: yau in ƙaramin yaro ya yi abin bajinta, kafin a ce masha Allah sai an laluba aljihunsa.

Malama Idi-Araba: Wannan ya taɓa ni. Ɗalibi ya kawo insha'i mai kyau, maimakon in yi murna sai zuciyata ta ce manhaja ce ta rubuta. Zato zunubi, amma ya zan yi?

Kawu Alaba Rago: Duk surutu ne. A kawo kwamfutar nan kara, ta shafa bayan rago ta faɗi namansa da kuɗinsa in gani.

Mai Gyaran Waya Ikeja: Kawu, kar ka ci alwashi. Haka masu wasan Go, wata darar Koriya da Caina, suka riƙa faɗa, wai nasu ya fi ƙarfin lissafi. A Maris 2016 manhajar AlphaGo ta ci gwaninsu na Koriya, Lee Sedol, 4 da 1 a birnin Sol. A 2019 ya ajiye wasan.

Alhaji Mile 12: Alhamdu lillahi, dara ta ci gida! Da bakinka ka ce gwanin ya ajiye. Ni me na ce tun farko?

Mai Gyaran Waya Ikeja: Shi zakara ne, burinsa kada a sami na sama da shi. Ɗanka ba da na'ura zai kara ba, da yaran Surulere da Yaba ne. Dubi Tunde Onakoya, gwanin ces a nan Legas, yaran ƙarƙashin gadar Oshodi ya tara ya koya musu, wasu ta nan suka koma makaranta. A Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana buga wasan a Niyok don tara musu kuɗin karatu, shekara 27 bayan Deep Blue.

Kawu Alaba Rago: Ragona dai har yanzu ba wanda ya amsa.

Ɗan Agege: Kawu, sikeli ma ya amsa rabin tambayarka 😂

Alhaji Mile 12: Ban sauka daga maganata ba. Amma zan biya na zango ɗaya, da sharaɗin wayar ta kwana a aljihuna duk ran Asabar. Ran Lahadi kuma yana rumfa tun da asuba, motar Aliero za ta sauke kaya.