Wai mamacin da bai bar wasiyya ba ya yi zalunci?

Maman Khairat: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Shekara uku da rasuwar Babanmu, har yau ba a raba gidanmu na Tudun Wada ba. Takardar gidan na cikin akwatin Baffa, kullum sai ya ce "a bari a zauna". Shagon Kasuwar Barci kuma yayanmu ya ce Baba ya ba shi kyauta, ba shaida ba rubutu. Ran Asabar wani tsoho ya zo da littafin bashi duk ya sha ruwa, wai yana bin Baba buhu 12 na masara. Ni dai na ce duk magidancin da ya mutu bai rubuta komai ba ya zalunci iyalinsa.

Baban Walid: Subhanallahi! Mahaifinki kike kira azzalumi, yana kwance a kabari?

Maman Khairat: Yaya, ban ce azzalumi ba, na ce ya zalunta.

Baban Walid: Wanda ya yi sata fa, me sunansa?

Malam Sani: A kula da harshe. Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Matar mamaci tumuni, wato ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. To me ya rage da bawa zai rubuta har a ce ya yi zalunci?

Barista Halima: Malam, bashi ya rage. Aya ta 11 da ta 12 ɗin ma cewa suka yi a raba gado bayan wasiyya ko bashi. Ga hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim, cewa bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Sulusi, wato ɗaya bisa ukun dukiya, ne iyakarta, kuma ba a yi wa magaji. Shagon nan kuwa, a mazhabar Malikiyya in yayan Maman Khairat bai karɓe shi a hannunsa tun Baba na da rai da lafiya ba, ya koma cikin gado. Sannan wanda mutum ya rubuta a banki a matsayin makusanci (next of kin), ba shi ke nan ya gaje kuɗin ba.

Malam Sani: Barista, ki tsaya a kotunki, ki bar mana hadisi.

Hajiya Uwani: Au Malam, hadisin ma gadon maza ne?

Baban Walid: Hajiya, kar a kauce. Yarinyar nan ta janye kalmar tukuna.

Maman Khairat: 'Ya'yana huɗu, ni ce yarinya?

Ɗan Rigasa: Wannan duk hirar 'yan Malali da Unguwar Rimi ce, masu takardar KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, a durowa. Mu ɗaki ciki da falo muke haya. Wasiyyar me, Keke Napep ɗin da ban gama biya ba?

Barista Halima: Shi ɗin fa za ka rubuta, nawa ka biya, nawa ya saura.

Ɗan Rigasa: Haba Anti, da raina da lafiyata? Kiran mutuwa kenan.

Hajiya Uwani: Ba kai za ka yi takabar wata huɗu da kwana goma ba, shi ya sa. Ni ina kan tabarmar takaba ƙannen Alhaji suka zo neman makullin mota. Ko sadakar bakwai ba a yi ba.

Malam Sani: Sadakar bakwai ɗin ma ina ta samo asali?

Hajiya Uwani: To, ga ta nan! Dama mun san masallacin da kake sallah.

Malam Sani: Mu ma mun san zawiyar da ake zuwa.

Ɗan Rigasa: A kawo shayi, yanzu aka fara.

Admin: Ya isa haka. Ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda kalmar zalunci ba ta dace da mahaifi ba, kamar yadda aminina Baban Walid ya faɗa tun farko cikin hikima. Malam Sani ya kawo ayoyi, Allah ya ƙara ilimi. Barista ta yi dogon bayani irin na lauyoyi, mai buƙata ya neme ta a ofis. Hajiya, a riƙa sassautawa. Maman Khairat ta je ta ba Baffanta haƙuri. Zan rufe sai bayan Isha'i.

Maman Khairat: Admin, Baffan ma ba ya cikin zauren nan. Mai masarar fa? Jibi ya ce zai dawo.