An ce an ga baƙuwar dabba a daji, muna so mu je mu bincika: yaya za mu tsara tafiyar?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasu mutum biyu sun ce sun ga wata dabba a bakin wani rafi cikin daji, gab da faɗuwar rana. A cewarsu ta fi mutum tsawo, jikinta duk gashi, ta ɗan taka da ƙafa biyu sannan ta shige duhuwa. Yau kwana 4 ke nan. Daga inda mota take tsayawa zuwa wurin kilomita 7 ne. Mu 12 muka nuna sha'awar zuwa, kuma babu wanda ya taɓa irin wannan aiki a cikinmu. Wasu na cewa mu ɗauki tocila da bindiga mu yi kwanto da dare, wasu sun fi son rana. Ni dai burina mu dawo da abin da masana za su iya dubawa da idonsu. Mutum nawa ya kamata su je, me za mu ɗauka, kuma me ke ɓata irin wannan tafiya?

Mai Bin Sawu:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin kowa ya ɗaura takalmi, ka zauna da mutanen nan biyu, yau ba gobe ba. Labari yana ƙara kitse duk lokacin da aka maimaita shi, kuma idan mutum biyu suka yi ta hirar abu ɗaya, sai abin da ɗaya ya gani ya shige cikin tunanin ɗayan ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Ka raba su, kowa shi kaɗai, ka naɗi muryarsa a waya da izininsa. Ka ce masa ya faɗi abin da ya gani daga farko har ƙarshe, ka yi shiru har ya gama. Kada ka tambaye shi "baƙa ce ko?", ka ce "wane launi ka gani?". Kada a nuna musu hotunan intanet, don da zarar ido ya ga hoto, shi zai maye gurbin abin da aka gani. Ba kowa takarda ya zana. Sannan ka nemi abu huɗu: taku nawa ne tsakaninsu da ita, daƙiƙa nawa suka yi suna kallo, rana tana gabansu ko bayansu, da kuma abin da ke bayan dabbar, itace ne ko dutse ko tudu.

Na ƙarshen nan shi ne zai yi maka aiki a wurin. Ku je da ɗaya daga cikinsu a daidai lokacin da abin ya faru. Ya tsaya inda ya tsaya ranar. Ku tura mutum ɗaya da sanda mai tsawon mita 3, wadda aka yi wa alama a kowane santimita 50, ya tsaya inda aka ce dabbar ta tsaya. Mai shaida ya faɗi inda kanta ya kai a jikin itacen, a karanta a sanda. Sau da yawa a nan ake gane cewa akwai kututture ko gangare da ya ƙara wa abin tsawo. Idan kuma rana tana bayan dabbar, inuwa kawai suka gani, batun launi da gashi ya zama hasashe.

Ku tafi da jerin dabbobin da aka san suna yankin. Birai na miƙewa da ƙafa biyu na ɗan lokaci idan suna leƙen wani abu, haka ma dabbar beya a ƙasashen da take. Cuta ma na sauya kamannin dabba: gawarwakin da aka yi ta kira cupakabara, wani dodo da ake cewa yana shan jinin dabbobi, a Texas ta Amurka, da aka gwada su, karnuka ne da koyote, wato dilan can, waɗanda ƙazuwa ta cinye wa gashi. Kada kuma ku manta da mutum. Maharbi ko mai ɗiban zuma da kaya a ka, cikin almuru, daga nesa ya isa ya zama dogon abu mai tafiya da ƙafa biyu. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar bindiga. Kuna neman abin da ke da siffar mutum, cikin duhu, da zuciya a tsorace. Wanda za a harba a irin wannan hali ɗan Adam ne, ko na cikinku ko wani bawan Allah da ke neman abincinsa.

Jagorar Tafiya:

Malam Sabon Shiga, 12 sun yi yawa ƙwarai. Hayaniyarsu da warinsu za su kori duk abin da ke wurin, ƙafafunsu kuma za su tattake sawun da kuka je nema. Mutum 4 zuwa 6. Dalilin da ya sa ba a yin ƙasa da 4: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako, don ba a barin mutum ya yi tafiyar daji shi kaɗai. A cikinsu a sami wanda ya san dajin da dabbobinsa, wanda ya iya taimakon gaggawa, mai rubutu da ɗaukar hoto, da shugaba ɗaya wanda idan ya ce a juya kowa zai juya. Sauran su tsaya wajen mota da direba, wannan ma aiki ne babba.

Ku nemi izinin mai filin, idan kuma gandu ne na gwamnati, ku sami takardar hukumar da ke kula da shi, ku tambayi ma'aikatanta halin tsaron wurin. Su ne ma suka fi kowa sanin abin da ke yawo a ciki.

Kan hanya sharara mutum na yin kusan kilomita 5 a awa, amma cikin ciyawa da sarƙaƙiya da kaya a baya yana iya komawa 2 ko ƙasa. Ku lissafa awa 3 zuwa 4 zuwa, haka dawowa. Ke nan idan kuna son ganin wurin da almuru, kwana ya kama ku. Ku kafa sansani aƙalla mita 300 daga wurin, kan tudu. Kada ku kwana cikin kwarin rafi ko da a bushe yake, ruwan da aka yi a nesa yana iya saukowa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba.

Ruwa: lita 4 ga kowane mutum a rana idan ana zafi, kuma kowace lita kilo 1 ce a baya, don haka ku riƙe ƙwayar tsabtace ruwa ko abin tafasawa. Kowa da usur a wuya, tocilar goshi da batirin canji, takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando. Ku sauke taswira a waya tun kuna da sabis, ku sa alamar inda mota take, amma ku riƙe kamfas da taswirar takarda, don waya na mutuwa. Busa usur sau 3 na nufin a kawo ɗauki. Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya yi ta busawa, yawo ne ke mai da ƙaramar ɓata babba.

Ku bar wa wani a gida takarda: sunayenku, hanyar da za ku bi, lokacin dawowa, da ƙarfe nawa zai kira hukuma idan bai ji ku ba. Maciji shi ne haɗarin da ya fi kusa da ku. Idan ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar katako kamar ta mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tun kafin ku tashi ku san wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar kashe dafi.

Ɗan Kyamara:

Na yarda da Malama Jagora a komai, sai dai ina ganin kwanton dare ba shi da wani amfani ko da babu bindiga. Abin da za ku samu shi ne ido biyu masu ƙyalli da hoto mai duhu. Ƙyallin nan ma hasken tocilarku ne ke dawowa daga wani shimfiɗi a bayan idon dabbobi irin su kyanwa da kare da barewa. Mutum da manyan birai ba su da shi. Kyamarar tarko, wadda ke ɗauka da kanta idan abu mai ɗumi ya gifta, ita za ta yi muku gadi dare da rana ba tsoro ba gyangyaɗi.

Ku sami 3 ko 4. Ɗaya a mashaya, sauran a kan hanyoyin dabbobi da ke gangarowa rafin. A al'ada ana ɗaure ta santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, amma tun da dogon abu ake magana, ku sa ɗaya a tsayin ƙirji, mita 4 zuwa 5 daga hanyar, don ta kama jiki gaba ɗaya. Kada ta kalli hanyar a gicciye, dabba za ta wuce kafin ta farka, sai ku sami wutsiya. Ku karkata ta tana kallon tsawon hanyar. Fuskarta arewa ko kudu, don idan ta kalli gabas ko yamma rana za ta wanke hoton. Ku share ciyawa da rassan da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta cika memori da dubban hotunan ganye. Batirin litiyom ya fi jurewa. Ku saita rana da lokaci, ku sa ta ɗauki hoto 3 a jere. Kafin ku tafi, ɗayanku ya tsaya gaban kowace kyamara da sandar awon nan a wurare biyu ko uku, wannan hoton ne za ku auna duk abin da ya bayyana da shi. Ku bar su mako 3 zuwa 4, kada a yi ta leƙe.

Sawu kuma: wanda ya fara gani ya tsayar da kowa. Hoto tukuna, daga sama tsaye, da rula a gefe, a haska tocila ta gefe ƙasa-ƙasa don inuwa ta fito da yatsu. Sawu ɗaya bai isa ba, ku bi jerin, ku auna tazarar taku da tef. Ruwan sama na faɗaɗa sawu, dabba mai ƙafa huɗu kuma na ɗora ƙafar baya kan sawun ta gaba, sai su haɗe su zama dogon sawu ɗaya mai kama da na mutum. Don kwafe shi, ku kewaye shi da kwali, ku dama garin P.O.P awo 2 da ruwa awo 1, ku zuba garin cikin ruwan, ku juya har ya yi kaurin fenti. Ku zuba a hankali ta gefe ya malala da kansa, zubawa a tsakiya na rushe yatsun. Minti 30 kafin a ɗaga, a haƙo shi da ƙasarsa, a bar shi kwana 2 ya bushe kafin a goge. Kilo 2 zai ishi babban sawu ɗaya.

Sabon Shiga:

Allah ya saka da alheri. An ajiye maganar bindiga, za mu tafi mu 5. Idan mun sami gashi a jikin ƙaya ko kashin dabba fa, yaya za mu ɗauko?

Malamin Halittu:

Wannan shi ne abin da ya fi komai daraja, kuma shi aka fi lalatawa. Safar hannu sabuwa ga kowane samfuri, a ɗauka da hantsaki, kada a yi magana ko numfashi a kansa. Gashi ya shiga ambulan ɗin takarda, da ɗan ƙullin silika mai tsotse danshi. Leda na tara gumi, fumfuna ta cinye abin da ake son gwadawa. Ku kula da tushen gashin, nan ne DNA, wato ƙwayar halittar da ake gane jinsin dabba da ita, ya fi yawa. Kashi kuma a kankaro daga bayansa da tsinke mai tsabta, a sa cikin ƙaramar kwalba da etanol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari. A rubuta rana, lambobin GPS da sunan wanda ya ɗauka, da fensir, don etanol na wanke biro. Ku raba samfurin biyu, ku riƙe rabi. Tun kafin tafiya ku yi magana da sashen nazarin dabbobi na wata jami'a, ku ji ko za su karɓa da yadda suke so a adana.

Ku san abin da gwaji ya saba nunawa don kada ranku ya ɓaci. A 2014 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya fitar da sakamakon gwajin gashi 30 da aka ce na yeti ne, wato dodo mai gashi da siffar mutum da ake cewa yana tsaunukan Himalaya, da makamantansa, an sami beya, doki, saniya, kare, har da gashin mutum. A 2017 Charlotte Lindqvist ta gwada samfuri 9 na yeti, 8 na beya ne, ɗaya na kare. A tafkin Loch Ness na Sikotilan, inda ake cewa akwai wani dodon ruwa, masani Neil Gemmell ya ɗebi ruwa a 2018 ya nemi DNA a ciki, bai sami na wata dabba mai rarrafe ba, sai na kifin nan mai siffar maciji da yawa.

Duk da haka ina ƙarfafa muku gwiwa, don daji bai gama bayyana abin da ke cikinsa ba. Mutanen dajin Kongo sun daɗe da sanin okapi, wata dabba 'yar uwar raƙumin dawa, kafin masana su yarda da ita a 1901, bayan Harry Johnston ya aika fata da ƙoƙon kai Landan. Sawola kuwa, wata dabba mai kama da barewa, a 1992 aka gano ta a Vu Quang ta Biyetnam, daga ƙoƙon kai mai ƙaho da aka gani a gidan wani maharbi. Don haka ku tambayi maharban yankin su nuna muku fatu da ƙasusuwa da ƙahonin da suka ajiye, ku ɗauki hoton kowane da rula a gefe, ƙoƙon kai kuma ta sama, ta gefe, da ta ƙasa inda haƙora suke.