Injin ban ruwana ya kasa ɗago ruwa bayan kogi ya janye

Manomi daga Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Ina da lambun albasa da tumatir a bakin Kogin Nilu Shuɗi a nan ƙasar Sudan, kuma injin ban ruwana yana girke a saman gaɓa. Daga damina zuwa kaka, lokacin da kogi yake cike, bai taɓa ba ni wahala ba, amma da rani ya tsananta ruwa ya janye, sai ya fara kawo ruwa kaɗan-kaɗan, daga baya ya riƙa ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, yanzu kuwa ko ɗigo ba ya fitarwa. Na auna da igiya, na tarar daga saman ruwa zuwa bakin injin ya kai mita 9 a tsaye. An ba ni shawarar in sayi wanda ya ninka shi ƙarfi. Kafin in ci bashi, ina roƙon masana su gaya mini ko ƙarfin ne ya gaza.

Malamin kimiyya, Wad Madani:
Wa alaikumus salam, Baba. Don Allah kada ka saya, domin ko ka kawo injin da ya fi naka sau goma, ba zai tsallake iyakar tsayin da ake iya zuƙo ruwa ba. Muna cewa inji yana zuƙo ruwa, amma abin da yake yi shi ne ya rage matsi a cikin tiyo, sa'an nan iskar da ke danne da saman kogi ta turo ruwan ya hau. Dubi wanzami idan zai yi ƙaho: yana zuƙe iskar da ke ciki ya toshe bakin, sai fata ta kumburo cikin ƙahon, shi kuma ya manne, saboda matsin da ke waje ya rinjayi na ciki. Wanzamin bai taɓa fatar da hannu ba.

Iskar nan tana da nauyi, kimanin kilo 1 a kan kowane fili mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1, kuma a gaɓar teku iyakar abin da take iya ɗagawa shi ne ruwa mai tsayin mita 10.3. Torricelli, almajirin Galileo a ƙasar Italiya, shi ya nuna haka a shekarar 1643, da ya cika bututun gilashi da zaiba ya kifa shi cikin kwano, zaibar ta sauko ta tsaya a santimita 76. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, kuma idan ka ninka 76 sau 13.6 za ka faɗa daidai kan waɗancan mitoci goma da ɗoriya.

Mu kuma ba ma samun wannan adadi cikakke. Yankin Sinnar, inda Mai Wurno take, ya ɗara teku da mita 400 da wani abu, wannan ya cinye kusan rabin mita. Ɗumin ruwan rani yana cin kusan wani rabin, gogar ruwa da cikin tiyo ta kwashe nata rabon. Shi ya sa a aikace ba a dogara da abin da ya wuce mita 6 zuwa 7.

Makanike daga Singa:
Malam ya yi bayani, ni kuma ƙarar tsakuwar ce ta fi damuna. Idan matsi ya yi ƙasa sosai a bakin farfela, ruwa yakan tafasa ba tare da wuta ba, ya yi ƙananan kumfa na tururi, kumfan nan su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe. Na sha buɗe injin da aka bari yana wannan kuka, in tarar da farfelarsa duk ramuka kamar gara ta ci itace. Ka kashe shi tukuna, Baba.

Mafita ita ce a sauko da injin kusa da ruwa. Ka sare masa dandamali a jikin gaɓa yadda tsayin zuƙo ba zai wuce mita 4 ko 5 ba, ka ƙara tiyo ta wajen fitar ruwa, domin turawa sama ba ta da wannan iyaka, a nan ne ƙarfin inji yake da amfani. Ka duba bawul ɗin da ke bakin tiyo cikin ruwa, ka ɗaure duk mahaɗa da kyau, ka cika injin da ruwa kafin ka tayar, saboda ƙaramar kafa da iska ke shiga ta isa ta ɓata aikin duka.

Manomi daga Mai Wurno:
Allah ya saka muku da alheri. Mun sare gaɓa ni da yarana, muka sauko da shi har ya rage mita 4 tsakaninsa da ruwa, kuma tun jiya da la'asar yake aiki ba ƙara. Tiyon zuƙo ma akwai tsaga kusa da mahaɗa, na yanke wurin. Zan kafa sanda a bakin ruwa in riƙa dubawa, domin in ɗauke shi zuwa sama kafin kogi ya fara cika.