Jariri ɗan wata biyu a wannan zafin: a ba shi ruwa ko nono zalla?

Gwaggo: Salamu alaikum. Wai da gaske ne a wurin rigakafi an hana Maman Sadik ba yaron nan ruwa sai ya yi wata shida? A Sakkwato, cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Ku ji tsoron Allah. Mu da ruwa muka raine ku.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam Gwaggo. Haka suka ce. Ni ma in na ga gumi ya jiƙa masa wuya sai tausayi ya kama ni.

Anti Nas: Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ruwan yana shan sa, a cikin nono. Sama da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zuwa in ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya kan nono zalla har wata 6, ko a ƙasashen zafi.

Kawu: To ai gudawa ake gudu saboda ruwan rijiya. In an tafasa an tace fa?

Anti Nas: Ko an tafasa, Kawu. Cikinsa ɗan mitsitsi ne. Ruwa ya cika shi, sai ya rage tsotso, nonon uwar ya fara janyewa, yaro ya rame. Ƙodarsa kuma ba ta yi ƙwari ba. In ruwan ya yi yawa yana tsinka gishirin jininsa, har ya kai ga jijjiga. Wannan ne ke tayar min da hankali.

Gwaggo: Duk na ji. Amma uwar da ita kanta ba ta ƙoshi ba, wane nono za ta kawo? Wannan ba kwa faɗa.

Anti Nas: Nan kam kin yi gaskiya. Ita za a kula da ita: ruwa a gefenta kullum, kunun gyaɗa, fura, ta riƙa ba shi mama duk sanda ya nema, dare da rana. In yana fitsari aƙalla sau 6 a kwana, ba rawaya sosai ba, ya wadatu. In maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma, ko ya daina kama mama, asibiti kai tsaye.

Gwaggo: Har yanzu raina bai kwanta ba. Gobe zan zo in wuni, in ga fitsarin da idona.

Maman Sadik: Sai kin zo Gwaggo. Kafin nan dai ba zan ba shi ba.